Takardu ko tattaki: neman kakanni a gidajen masu gadin gaɓar tekun Ayalan

Wanda aka gaya masa cewa kakan kakansa ya zauna a jerin gidajen masu gadin teku a Ayalan, hanya biyu ce a gabansa: ya bi takardu, ko ya taka ya je wurin.

Ni dai takardu nake fifitawa, saboda yanayin aikin. An kafa rundunar a 1822 don hana fasa-ƙwauri, kuma da gangan ake tura ma'aikaci nesa da garinsu, a yi ta sauya masa tasha, kada ya saba da masu shigo da taba da giya a ɓoye. Shi ya sa za ka ga 'ya'yan gida ɗaya, kowa da garin da aka haife shi. Littattafan rajistar ma'aikatan rundunar, masu lamba ADM 175, da ke ma'ajiyar tarihi ta Kew a Landan suna nuna ranar da mutum ya zo tasha, inda ya fito da inda aka mayar da shi. Kundin ƙidayar 1901 da na 1911 ma suna intanet kyauta, har da sunan mata da yara. Abin takaicin shi ne, yawancin takardun ƙidayar 1821 zuwa 1851 sun ƙone a Dabilin, babban birnin Ayalan, a 1922.

Tattaki kuwa yana da abin da takarda ba ta bayarwa. Za ka ga ƙananan ɗakuna jere a kan tudu, tagoginsu na kallon teku, ga rumfar ajiye kwalekwale a ƙasa. Sai dai an ƙona tashoshi da yawa tsakanin 1920 da 1922, wasu kuma yanzu gidajen mutane ne, sai da izini ake shiga. In ba ka riga ka samo sunan tashar a takarda ba, kana iya tsayawa gaban gidan da kakanka bai taɓa kwana ba.