Kyaftin a ATR ko mataimaki a 737: amsa ga ƙanenmu

Assalamu alaikum. Ƙanenmu da ke mataimakin matuƙi a ATR 72, jirgin fasinja mai farfela, a nan Legas ya kawo tambaya. Yana da awa 2,100 na tashi da ATPL, wato babban lasisin tuƙa jirgin fasinja, kamfaninsa ya ce ya ƙara haƙuri za a ɗaga shi zuwa kyaftin, sai ga wani babban kamfani ya kira shi ya zo ya zauna kujerar dama, wato ta mataimaki, a jet ɗin Boeing 737, bisa sharaɗin zai sa hannu ya yi musu shekara uku. Burinsa wata rana ya tuƙa manyan jirage masu dogon zango, ko a gida ko a ƙasashen Larabawa. Wanne zai ɗauka?

Ƙanena, kafin komai ka ajiye yawancin abin da kake karantawa a intanet, domin labarin Amurka ne. A can akwai tsani a shimfiɗe. Bayan hatsarin jirgin Colgan kusa da Buffalo a watan Fabrairun 2009, inda mutum 50 suka rasu, aka kafa dokar da ta fara aiki a 2013 cewa mataimakin matuƙi ma sai ya kai matakin lasisin da ke neman awa 1,500. Daga nan yaro ya shiga ƙaramin kamfani irin Envoy ko PSA ko Piedmont, ya jira layi ya zo kansa, a wuce da shi American Airlines, don duk na gida ɗaya ne. Mu nan babu wanda zai wuce da kai. Overland da Green Africa da ValueJet da Ibom Air da Air Peace, kowa gashin kansa yake ci. Littafin awoyinka shi ne tsaninka, saboda haka abin tambaya shi ne wace irin awa kowace kujera za ta rubuta maka.

Mu fara da kujerar hagu, wato ta kyaftin, a ATR. Abin da take bayarwa ba a sayensa da kuɗi, wato awar shugabancin jirgi. Kai ne za ka tsaya da asuba a filin jirgin Ikeja, takardar yanayi a hannu, an ce hazo ya rufe Ilorin, ma'aikacin tsara tafiya yana kallonka, manajan tasha yana kallon agogo, fasinja kusan 70 sun cika ɗakin jira, ka ce a ƙara mai ko a dakata. Kai ne za ka sa hannu a littafin gyara bayan injiniya ya ce ƙaramar matsala ce. ATR ba ya wuce ƙafa 25,000, don haka da damina ba ka tsallake hadari ta sama, a cikinsa kake neman hanya. Ga gajerun zango, Akure, Ibadan, Benin, sauka huɗu ko fiye a yini. Hannu yana faɗawa a irin wannan aiki, kai kuma yana nuna. Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin ɗaukar matuƙa ya san cewa mutumin da ya riƙe jirgi awa 1,000 yana amsa tambaya daban da wanda bai taɓa yanke hukunci shi kaɗai ba.

Amma ga inda take da rauni. Manyan kamfanonin waje ba jimillar awa kawai suke dubawa ba, suna duba nau'in jirgin da nauyinsa. ATR 72-600 tan 23 ne idan ya cika, 737-800 kuwa tan 79. Wanda ke neman mutumin da zai ɗora a 777 ko A350 ya fi sakin jiki da wanda ya saba da gudun jet, da saukowa daga ƙafa 37,000, da sarrafa jirgin da ba ya son rage gudu. Sharuɗɗan nan suna sassautawa idan matuƙa sun yi ƙaranci, su tsananta idan sun yi yawa, shi ya sa nake cewa ka buɗe shafin ɗaukar ma'aikata na Emirates da Qatar Airways da Ethiopian da kanka, ka karanta abin da suka rubuta a wannan watan, kada ka dogara da abin da wani ya ji bara. Sannan ka sani, kyaftin ɗin ATR da ya koma jet sau da yawa kujerar dama ake mayar da shi tukuna. Ba faɗuwa ba ce, amma wasu zuciyarsu ba ta ɗauka, sai su zauna a farfela har furfura.

Kujerar dama a 737 kuma ita ce ƙofar da ta fi kusa da burinka. Shaidar ƙwarewa a kan 737 ko A320 kamar kuɗi ne da ake karɓa a kowace kasuwa, daga Addis Ababa har Dubai. Idan kamfanin yana da manyan jirage, kana iya hawa ba tare da ka bar gida ba. Air Peace, misali, yana da 777, kuma ya fara zuwa Landan daga Legas a watan Maris na 2024. Shekara biyu zuwa uku kana tashi yadda ya kamata, ka tara awar jet da za ta sa a buɗe takardarka a waje.

Kuɗin da za ka biya shi ne lokaci da 'yanci. Za ka koma ƙarshen layi, duk wanda ya riga ka shiga yana gabanka wajen zama kyaftin, ko da ka fi shi awa. Sai yarjejeniyar shekara ukun nan. Ba zalunci ba ce a kan kanta, horon sabon jirgi da dala ake biya, kuma kamfani yana da haƙƙin ya ci moriyar abin da ya kashe. Abin dubawa shi ne rubutun ciki. Bashin kuɗin horon da za ka biya idan ka tafi kafin lokaci yana raguwa wata-wata, ko yana nan cif har ranar ƙarshe? Da naira aka rubuta shi ko da dala? Wanda ya sa hannu a kan dala kafin a saki naira a watan Yunin 2023 ya san bambancin a jikinsa. Idan su suka ajiye ka babu jirgi, ko suka riƙe albashi, yarjejeniyar tana nan a wuyanka? Ka kai wa lauya ya karanta.

Wannan batu na ajiye mutum shi ne ya fi damuna, don na ɗanɗana. Na taɓa barin inda nake tashi kullum na koma wani kamfani saboda girman jirginsu. A watana na huɗu a can, jirage biyu suka tafi babban gyara a waje, kuɗin dawo da su ya gagara. Wata bakwai ina zaune a Agege, kakina a goge a rataye, ina duba waya ko jadawali ya fito. Doka ta ce sai ka yi tashi uku da sauka uku cikin kwana 90 kafin ka ɗauki fasinja. Kwanakina 90 suka ƙare, lokacin gwajin na'urar kwaikwayon tuƙi na wata shida ya zo ya wuce, babu wanda ya tura ni. Abokan da na baro a ƙaramin jirgi kuwa suna ta rubuta awa. Tun daga lokacin ba na tambayar jirage nawa kamfani yake da su, sai in tambayi nawa ne suka tashi jiya. Ka je MMA2, sabuwar tashar cikin gida ta filin jirgin Legas, ko tsohuwar tashar da sassafe ka ƙirga da idonka, ka tambayi wani mataimaki a can awa nawa ya yi a watan da ya wuce. Girman suna ba ya hana komai a ƙasar nan. Nigeria Airways ta rufe a 2003, Arik da ya fi kowa jirage AMCON, hukumar gwamnati mai karɓar munanan basussukan bankuna, ta karɓe shi a 2017.

Ta fuskar gida bambancin ba shi da yawa a farko, duka biyun za ka fita kafin kiran assalatu don ka riga cunkoson Ikeja. Sai dai mai ATR ya fi kwana a gidansa, mai 737 kuma zai fara kwanan Abuja da Kano da Accra. Idan amarya ce a gida ko iyaye tsofaffi, ka sa wannan a ma'auni, kuma ka yi shawara da su.

To ga ra'ayina, tunda ka nema. A yanzu abin da ke hannunka a ATR alkawarin baki ne, na 737 kuwa takarda ce, kuma ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Ka shiga ofishin shugaban matuƙanku cikin ladabi, ka ce ranka ya daɗe, ina son a rubuta mini ranar da zan fara kwas ɗin kyaftin. Idan suka ba ka rana a rubuce cikin wata shida, ka zauna, ka yi awa 1,000 a kujerar hagu, sannan ka nemi jet. Shekarunka ba su kai 30 ba, ritaya kuma sai 65, shekara biyu ba za su rage ka da komai ba, kuma duk inda ka je daga baya za a san ka taɓa riƙe jirgi. Idan kuwa aka ce maka ka dai ƙara haƙuri, ana dubawa, to ka tafi 737, muddin ka ƙirga jiragensu ka ga suna tashi, lauya kuma ya ce yarjejeniyar tana raguwa.

Kafin ka ajiye aiki ka tabbata sabuwar takardar ɗauka tana hannunka da sa hannu, ka sa a buga wa littafin awoyinka hatimi, ka karɓi takardar shaidar ba ka taɓa hatsari ba, ka duba ranar ƙarewar gwajin lafiyarka da na Turancin sadarwa a lasisinka na NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya. Ka ba su sanarwa yadda yarjejeniyarku ta ce, ka yi sallama da kowa har masu ɗaukar kaya, domin kyaftin ɗin da ka bari yau kana iya samunsa gobe a kwamitin da zai yi maka tambayoyi. Idan ka samu kwafin yarjejeniyar, kawo mini ranar Juma'a bayan masallaci mu duba tare. Allah ya yi maka zaɓi mafi alheri.