Sharhi Kan Jerin Tsofaffin Waƙoƙin Pop Masu Busar Saksofon

Jerin waƙoƙin da zan yi magana a kansa yana cikin wata manhajar sauraron kiɗa da nake biyan kuɗinta wata-wata, kuma masu manhajar ne suka tattara shi daga waƙoƙin pop na Ingila da Amurka na shekarun 1970 da 1980, waɗanda saksofon ke da babban matsayi a cikinsu. Na saurare shi sosai, wani lokaci da iyafis, wani lokaci da lasifikar ɗaki, kuma a ganina ya cancanci kuɗin da ake biya, ko da yake akwai inda masu tsara shi suka yi sakaci.

Saksofon dai Adolphe Sax ɗan ƙasar Beljiyam ne ya ƙirƙiro shi, ya yi masa rajista a Faris a 1846. Jikinsa na tagulla ne, amma sautin yana fitowa daga wani siririn harshe na kara da ke bakinsa, wanda numfashin mai busa ke kaɗawa. Duk wanda ya saba jin algaita a ƙofar fada zai gane dangantakar, illa dai algaita harshe biyu gare ta, muryarta kuma ta fi tsini. Wannan numfashi shi ne sirrin abin, domin mai busa yana iya sassauta murya, ya karya ta, ya ja ta har ta dushe, kamar yadda maƙogwaron ɗan Adam ke yi idan magana ta yi masa nauyi.

Waƙar da ta fi nuna haka a jerin ita ce Baker Street ta Gerry Rafferty, wadda ta fito a 1978, Raphael Ravenscroft kuma ya yi busar. Rafferty yana rera baitocinsa da murya ƙasa-ƙasa, yana ba da labarin mutumin da zaman Landan ya gajiyar, da wani abokinsa mai burin ya bar shaye-shaye ya sayi fili ya zauna wuri guda. Daidai inda mai sauraro ke jiran amshi, sai mawaƙin ya yi shiru, saksofon ya karɓe shi da ƙarfi. Busar ita ce amshin, kuma ita ke fito da ƙuncin da mawaƙin ya danne a cikin baiti. Da iyafis mai kyau za ka ji yadda Ravenscroft ke hawa kan sautin farko daga ƙasa, yana jan sa har ya kai inda yake so, ba ya faɗa masa kai tsaye. Wannan ɗan jan shi ke sa tsigar jiki ta tashi, kuma a lasifikar waya kusan ɓacewa yake yi.

Careless Whisper ta George Michael, ta 1984, wata hanya ta bi. A nan busar Steve Gregory ce ke buɗe waƙar tun kafin a furta kalma, tana farawa daga sama tana gangarowa, sannan ta koma ta sake gangarowa, ta yadda kafin mawaƙin ya ambaci nadamar cin amana, mai sauraro ya riga ya ji ta. George Michael ya gwada masu busa da dama kafin ya gamsu da Gregory, alhali layin gajere ne, har yaro zai iya bin sa da fito. A nan na fahimci cewa ba yawan gwaninta ke sa busa ta zauna a zuciya ba, sauƙin riƙewa ne da kuma dacewa da abin da waƙar ke faɗa.

Duk da haka gwaninta tana da gurbinta. Phil Woods, wanda ya yi suna a kiɗan jaz, shi ya yi busa a Just the Way You Are ta Billy Joel a 1977, kuma abin da ya burge ni shi ne kamun kansa, domin mutum ne da zai iya cika wurin da gudu, amma ya tsaya ya bi waƙar a hankali. Haka ma Stuart Matthewman a Smooth Operator ta 1984, inda busarsa ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da sanyin muryar Sade Adu, haifaffiyar Ibadan.

Inda jerin ya ɓata mini rai shi ne Just the Two of Us, ta Grover Washington Jr. da Bill Withers. A kundin Winelight na 1980 waƙar ta haura minti 7, kuma doguwar busar Washington ita ce ƙashin bayanta, amma sai aka saka gajeriyar da aka yanke domin gidajen rediyo, wadda ba ta cika minti 4 ba. A jerin da aka gina domin saksofon, wannan kuskure ne babba. Sannan ba a kowace waƙa manhajar ke nuna sunan mai busa ba, abin da nake ganin tauye haƙƙi ne ga mutanen da aikinsu ne dalilin haɗa jerin tun farko. Shawarata ga wanda zai saurara ita ce ya ɗaga ingancin sauti a saitin manhajar idan yana da isasshiyar data, ya nemo cikakkiyar waƙar Washington daga kundinta, sannan ya ƙara Jungleland ta Bruce Springsteen ta 1975, domin busar Clarence Clemons da ta haura minti 2 a cikinta ba ta cikin jerin.