Tafiyar rukunin ɗaliban jami'a zuwa ƙasar waje: inda tsarin ya yi kyau da inda yake cutar da sabon matafiyi

Tsarin da muke dubawa shi ne wanda jami'a ke haɗa ɗalibai rukuni guda, malami ɗaya ko biyu su ja gaba, a damƙa wa kamfanin shirya tafiye-tafiye batun tikiti da masauki da mota, a je wata ƙasa a yi kamar kwana 10 zuwa mako uku a dawo. Ga wanda bai taɓa tsallaka iyaka ba, a ganinmu babu hanyar fara fita da ta fi wannan sauƙi. Sai dai ingancinsa ba ya cikin hotunan da ke takardar talla. Yana cikin yarjejeniyar da aka sa wa hannu da kuma yadda aka tsara ranakun.

Babban abin da ɗalibi yake samu shi ne ja-gora. Filin jirgi na ƙasa da ƙasa yana rikita baƙo: layin ajiye kaya daban, na bincike daban, na duba fasfo daban, ga ƙofar shiga jirgi da kan canja ana zaune. Idan akwai wanda ya san hanya a gaba, rabin fargabar ta tafi. Na biyu shi ne tikitin rukuni. Yawancin kamfanonin jiragen sama suna ɗaukar mutum 10 zuwa sama a matsayin rukuni, su riƙe kujeru da kuɗin kafin alƙalami, su bari a miƙa sunaye daga baya. Wannan ba lallai ya fi araha ba, wani lokaci ma ya fi tikitin intanet tsada, amma yana tabbatar da kowa yana jirgi ɗaya.

Nan ne kuma ake fara samun matsala. Sunan da aka miƙa dole ya yi daidai da na fasfo, harafi da harafi. Idan ofishin jami'a ya kwaso sunaye daga rajistar ɗalibai maimakon daga shafin fasfo, sai a tarar an juya suna ko an yar da na tsakiya, gyaran kuma bayan an fitar da tikiti yana cin kuɗi. Kamfani mai sanin aiki hoton fasfo yake nema tun ranar farko.

Biza ita ce wurin da masu shirya tafiya suka fi yin alkawarin da ba nasu ba. Iyakar abin da za su iya shi ne ba da wasiƙar gayyata, da shaidar masauki, da jadawalin tafiya. Hukunci na ofishin jakadanci ne, kuma kowane ɗalibi ana duba takardunsa shi kaɗai. A ɗauki misalin ƙasashen Shengen na Turai, wato yankin da biza ɗaya ke shigar da mutum dukkan ƙasashensa, waɗanda rukunoni da yawa ke nufa. Fasfo sai ya rage masa aƙalla wata uku bayan ranar fita daga yankin, ya zama an bayar da shi cikin shekara 10 da suka wuce, da shafi biyu da babu komai a kai. Ana buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Kuɗin biza na babba Yuro 90 ne tun watan Yunin 2024, ko da yake dokar ta yafe shi ga ɗalibai da malaman da ke raka su idan tafiyar ta karatu ce, abin da kamfanoni ba su cika faɗa ba. Amsa kan fito cikin kwana 15, amma tana iya kaiwa 45. Tunda ana karɓar takardu tun wata shida kafin tafiya, duk tsarin da ya bar neman biza zuwa mako uku na ƙarshe sakaci ne. Ingila da Ireland ba sa cikin Shengen, saboda haka jadawalin da ya haɗa Faris da Landan na iya nufin izini biyu daban. Wasu filayen jirgi ma suna neman bizar yada zango daga masu wasu fasfunan, ko da ba za su fita gari ba.

Tambayar da za a yi kafin a biya ko sisi ita ce: idan aka hana ni biza, nawa za a mayar mini? Amsar ta zo a rubuce. Galibi kafin alƙalami ba ya dawowa, kuma da zarar an fitar da tikitin rukuni, maido da kuɗinsa da wuya.

Farashin da ake tallatawa shi ma yana buƙatar karatu a tsanake. Yawanci ya ƙunshi jirgi, ɗaki na mutum biyu zuwa huɗu, karin kumallo, da motar rukuni. Abincin rana da na dare, kuɗin shiga wuraren da aka kira “na zaɓi”, harajin baƙi da wasu birane ke karɓa a otal, da layin waya, duk kan faɗa aljihun ɗalibi. Ba laifi ba ne a cire su, laifin shi ne a ɓoye.

Babban aibin tsarin, a ganinmu, cunkoson jadawali ne. Don a burge iyaye, sai a cusa birane biyar cikin kwana 10, ɗalibai su ƙare da ganin ƙasar ta tagar mota. Ga gajiyar canjin lokaci, wadda a ƙiyasi jiki kan ɗauki kusan kwana guda kafin ya saba da kowace awa ɗaya ta bambanci, tafiya gabas kuma ta fi wahala. Rukunin da ya sauka da asuba aka wuce da shi lacca kai tsaye, barci zai yi a kujera. Jadawali mai kyau yana barin ranar farko da sauƙi, ya tsaya a gari biyu ko uku, ya ba da aƙalla yammaci ɗaya da ɗalibai za su fita bibbiyu su sayi tikitin jirgin ƙasa da kansu. Wanda aka riƙe wa hannu tun daga tashi har dawowa bai koyi tafiya ba.

Taron wayar da kai kafin tashi shi ke nuna ko kamfani ya san sababbin matafiya. Ya kamata a faɗi nauyin kaya a sarari, wanda a yawancin dogayen jirage kilo 23 ne na babbar jaka, ta hannu kuma kilo 7 ko 8. Ruwa-ruwa a jakar hannu kada kwalba ta wuce mililita 100 a mafi yawan filaye. Batirin ajiyar caji a jakar hannu kawai yake tafiya, saboda haɗarin kama wuta. Magani ya zauna a kwalinsa tare da takardar likita, domin abin da ake saya a kanti a wata ƙasa haramtacce ne a wata. Soket ɗin Ingila ba irin na Jamus ba ne, wutar Amurka kuma bolt 120 ce, ta Turai 230. Idan ƙasar na neman katin rigakafin shawara, sai bayan kwana 10 da yin allurar yake fara aiki. Idan na'urar biyan kuɗi ta tambaya da kuɗin wace ƙasa za a biya, a zaɓi kuɗin ƙasar da ake ciki, don canjin da na'urar ke yi da kanta ya fi tsada.

Idan jaka ba ta fito ba, kada a bi rukuni a fita don kunyar ɓata wa mutane lokaci. A cike takardar rahoto a teburin kaya kafin barin zauren, a adana ɗan tikitin da aka manna a bayan takardar shiga jirgi. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda ta tsara haƙƙin fasinjojin jirgin sama tsakanin ƙasashe, ta ba da kwana 7 don kai ƙorafin jakar da ta lalace, da kwana 21 don wadda ta makara. Kowane ɗalibi kuma ya riƙe adireshin masauki da lambar ja-gora a takarda, da kwafin fasfo nesa da na ainihin. A ƙasashen Tarayyar Turai lambar gaggawa 112 ce, kuma kiranta kyauta ne.