Rumbun OSDR na NASA: abin da mai bincike daga Kano zai samu, da inda zai sha wuya

Ɗalibi ko likita a Kano da ke son sa hannu a binciken lafiyar 'yan sama jannati, ƙofar da ta fi masa sauƙi ita ce rumbun bayanai na NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, mai suna OSDR, wanda cibiyar Ames da ke Kalifoniya ke kula da shi. Kyauta ne, kuma yawancin abin da ke ciki kowa na iya saukewa ba tare da neman izini ba. Sauran hanyoyin kusan a rufe suke ga ɗan Najeriya. Gwajin zaman kaɗaici na CHAPEA a Houston sai ɗan Amurka ko mai takardar zama ta dindindin. Gwajin kwanciyar kwana 60 da ake yi a birnin Kolon na Jamus, inda ake karkatar da gado kai ya yi ƙasa da digiri 6, shi kuma sai mai jin Jamusanci.

Kada ka ɗauka duk bayanan 'yan sama jannati ne a rumbun. Kaso mafi yawa na bayanan ba na mutane ba ne: na ɓeraye ne, da tsirrai, da ƙudaje, da ƙananan halittu da aka kai tashar sararin samaniya. Na mutane akwai, misali na fararen hula huɗu na tafiyar Inspiration4 da suka yi kwana uku a sama a Satumban 2021, amma ɗanyen bayanin ƙwayoyin gadonsu a kulle yake, sai an nema a rubuce. Bayanan asibiti na 'yan sama jannatin NASA kuwa ta wata hanya daban ake neman su a cibiyar Johnson, kuma ba a bayarwa sai da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike.

Kowane bincike yana da lamba. A shafinsa sau da yawa za ka tarar da fayil iri biyu: ɗanye, wato FASTQ, da wanda aka riga aka tace, mai fitowa a teburin CSV. Ka fara da tatacce. Ɗanyen bincike guda kan kai gigabait da dama, wuta ta ɗauke ko intanet ya yanke a tsakiya a koma farko, datar wata ta tafi a banza. Ko an sauke ma, manhajar STAR da ake jera bayanan ɓera da ita tana cin kusan gigabait 30 na ƙwaƙwalwar aiki, wato RAM, alhali kwamfutar cinya da yawancin ɗalibai ke saye a Farm Centre 8 ce ko 16. Teburin CSV kuwa manhajar R tana buɗe shi a kowace kwamfuta.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne tsallake takardar bayanin samfura. Wanda ya yi haka kamar wanda ya sayi dila a Kantin Kwari ne bai kwance ba. Ɗauki OSD-48, bayanan hantar ɓerayen da aka kai tashar a 2014. Wasu an feɗe su nan take aka ciri hantar, wasu kuma an daskarar da gawar gaba ɗaya, sai daga baya aka narkar aka ciro. Wani nazari da aka buga a 2020 ya nuna bambancin da salon adanawa ya haifar yana iya danne bambancin da tafiyar sama ta haifar. In ka cakuɗa su, za ka fito da jerin ƙwayoyin gado masu kyan gani a jadawali, amma labarin firiza suke bayarwa. Haka batun ɓerayen kwatance. Akwai waɗanda aka ajiye a ƙasa cikin irin kejin da aka tafi da shi, da zafi da laima da iskar tashar. Akwai na kejin ɗakin gwaji na yau da kullum. Akwai waɗanda aka kashe tun lokacin tashi. Na farkon su ne abokan gwamin na sama. Sannan adadin kaɗan ne, sau da yawa ɓeraye biyar zuwa goma a rukuni, don haka a rage cika baki wajen rubuta sakamako.

Abin da ya fi daraja a hidimar shi ne rukunonin masu nazari da ake kira AWG. Fom ake cikewa a shafin, a zaɓi rukuni, na dabbobi ko na ƙananan halittu ko na ƙirƙirarriyar basira, a riƙa haɗuwa ta bidiyo wata-wata. Aikin sa kai ne, ba ko kwabo, amma wanda ya yi aiki na gaske sunansa kan shiga takarda. Daga irin wannan haɗaka aka fitar da binciken mujallar Cell na 2020 kan yadda tafiyar sama ke jigata mitokondiriya, sashen da ke samar wa ƙwayar halitta kuzari. Matsalar ita ce lokaci: Kano na gaban Kalifoniya da awa 8 ko 9, taron ƙarfe 10 na safe a can ya faɗo wajen magariba a nan.

Masana jini na Asibitin Malam Aminu Kano da Jami'ar Bayero suna da abin cewa a wannan fage. Binciken Jami'ar Ottawa na 2022 kan 'yan sama jannati 14 ya gano jikinsu na rushe jajayen ƙwayoyin jini kusan miliyan 3 a daƙiƙa, maimakon miliyan 2 a doron ƙasa. Wanda ke duba masu sikila kullum ya san rushewar jini ciki da waje. Likitocin ƙashi ma haka, tunda ƙashin ƙugu kan rasa kashi 1 zuwa 1.5 cikin ɗari na ma'adininsa duk wata a sama.

Shafin da Turanci yake zalla, kuma wanda bai taɓa R ko yaren kwamfuta na Python ba zai sha fama. Darussan GL4U da GeneLab, wani sashe na OSDR, ta tanada suna rage wahalar, gara a bi su tukuna. Kuɗin bincike kuwa kada a sa rai daga can, domin ƙa'idar NASA ba ta biyan cibiyoyin ƙasashen waje. Kuɗin data da na sola a gida za a nemo su, ta jami'a ko TETFund.