Rum ko Lisbon: wanne za ku zaga da ƙafa?

Hajiya, kin ce kwana uku kacal gare ku, kuna son zaga Rum ta Italiya ko Lisbon ta Fotugal da ƙafa, ga kuma Inna da ciwon gwiwa. Saboda gwiwar nan, ni dai Rum zan zaɓa muku.

Duka biyun ana musu kirari da birni mai tuddai bakwai, amma tudu ya fi tudu. A Rum, abubuwan da aka je dominsu kusan duk a shimfiɗe suke. Daga Kolosiyum, filin wasan da aka buɗe a shekara ta 80 miladiyya, ku miƙe titi ɗaya har dandalin Benesiya, tafiyar kamar kilomita guda. Daga can ku ratsa lunguna zuwa Fantiyon, tsohon wurin bautar Rumawa, sai minti goma ku isa maɓuɓɓugar Tirebi da aka gama a 1762. Abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne famfunan ƙarfen bakin titi da suke kira nasoni. Ruwan sanyi ne kyauta, dare da rana yana zuba. Ki toshe bakin famfon da yatsa, sai ruwan ya tsartu ta wata 'yar kafa ta sama, ki sha ba kofi. Ku dai guji Yuli da Agusta, ranarsu ba ta da wasa.

Lisbon kuwa ta fi shiga zuciya, ban ɓoye miki ba. Musulmi ne ke mulkinta har 1147, kuma sunan unguwar Alfama daga Larabci yake, al-hamma, wato wurin ruwan ɗumi. Lungunanta matsattsu ne kamar na cikin birnin Kano, shanya a tagogi, tsofaffi a ƙofar gida. Sai dai hawa ne da matakala har ganuwar Sao Jorji, tsohuwar fadar da ke saman tudun. Inda ya shimfiɗu sosai shi ne Baisha, unguwar da aka sake ginawa bayan girgizar ƙasa ta 1755. Ƙananan fararen duwatsun da suka daɓe gefen titi da su kuma sun sha ƙafa har sun yi sulɓi, in an yi yayyafi gangara sai da riƙe hannu. Taragon lantarki mai bin titi, lamba 28, yana hawa tudun, amma samun kujera sai an yi sammako.

Daɓen titunan Rum ma duwatsu ne, baƙaƙe masu gargada, don haka a samo wa Inna takalmi mai taushin ƙasa, a bar silifas a masauki.

Abincin halal ba zai yi wuya ba: a Rum ku nemi kewayen tashar jirgin ƙasa ta Tarmini da dandalin Bitoriyo, a Lisbon titin Benformoso. Babban masallacin Rum na 1995 yana can arewacin gari, ba tafiyar ƙafa ba ce, ranar Juma'a ku hau mota.

Allah ya ba Inna lafiya, ya kai ku lafiya.