Yini ɗaya a Zanzibar: keke, bakin teku, ko a haɗa biyun?

Jirgin ruwan yawon shaƙatawa ba ya daɗewa a tsibiri. Yawanci ya iso da safe, kafin magariba ya ɗaga. Duk wanda ya tara kuɗinsa a Kano ya biya wannan tafiya, ya kamata tun yana gida ya yanke shawarar abin da zai yi da waɗannan sa'o'i, domin a bakin tasha ba a samun natsuwar yin lissafi. Na ɗauki Zanzibar ne saboda ta fi dacewa da mu: yawancin mutanenta Musulmi ne, masallaci ba ya wuyar samu, abinci kuma ba sai an yi ta tambaya ba.

Hanya uku ce a gabanka. Ka sayi yawon da kamfanin jirgin ya shirya, ko ka yi ciniki da ɗan jagora na gari, ko ka karɓi hayar keke ka kama gabanka.

Na kamfanin jirgi shi ya fi tsada, kuma tafiyar ayari ce, ba ka da ikon cewa a ƙara minti goma. Amma yana da abu guda da sauran ba su da shi: idan motarsu ta makara, jirgi yakan jira ta. Wanda ya fita da kansa ya makara kuwa, sai ya nemi hanyar cim ma jirgin a tasha ta gaba da kuɗin aljihunsa, kuma tashar ta gaba tana iya kasancewa a wata ƙasar. Mai fasfon Najeriya ya san abin da hakan ke nufi wajen biza. Wannan kaɗai ya isa in ce mai tafiya da iyali, ko wanda ya ɗauko Hajiya babba, ya biya na kamfanin ya huta.

Ɗan jagora na gari ya fi sauƙi, kuma kai ke tsara masa inda za a je. A nan sai an yi magana ta ƙare kafin a tashi: kuɗin ya haɗa da keke da hular kwano? Akwai motar da za ta bi bayanku idan wani ya gaji ko taya ta yi faci? Kuɗin shiga wurare na wuyan wa? Ka ba shi lokacin dawowa da ya gaza na jirgin da awa biyu, kada ka faɗa masa na gaskiyar ka zauna kana fata.

Hayar keke kai kaɗai ita ce mafi araha, kuma ita na fi jin tsoro ga baƙo. A Tanzaniya, ƙasar da Zanzibar take ciki, hannun hagu ake tuƙi. Wanda ya saba da titin Zariya ko na Katsina, da an zo shataletale hannunsa zai koma dama bai sani ba, ga ƙananan motocin haya da suke kira daladala suna tsayawa inda suka ga fasinja. Cikin tsohon garin, wato Stone Town, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihin duniya a 2000, lunguna ne matsattsu irin na bayan kasuwar Kurmi. Ƙafa ta fi keke amfani a can.

Inda keke ke da daɗi shi ne wajen gari. Kaɗan daga arewa akwai kufan fadar Maruhubi, wadda Sarki Barghash ya gina, gobara ta cinye ta a 1899. Daga nan hanya ta hau tudu zuwa gonakin kayan ƙamshi na Kidichi da Kizimbani. Bakano da ya saba sayen kanumfari da kirfa a ƙulle cikin leda zai tsaya gaban bishiyarsu, a ɓantaro masa ɓawon kirfa ɗanye ya shinshina. A ganina wannan ya fi kwanciya kan yashi daraja, kuma bai yi nisa da jirgi ba. Sai dai a fita da sassafe. Zafinsu ba irin namu ba ne. Iskar a jiƙe take, gumi ba ya bushewa, mutum kan galabaita tun kafin ya ji ƙishirwa.

Batun bakin teku kuwa, nan ne masu talla ke ɓoye abu ɗaya, wato janyewar ruwa. Sau biyu a yini teku kan cika ya janye, kuma lokacin yana matsawa da kusan minti 50 kowace rana. A gabashin tsibirin, wajen Paje da Jambiani, ruwan kan ja baya da nisa sosai. Wanda ya je iyo a lokacin sai ya tarar da fili, mata na aikin gonakin ciyawar teku. Amma daidai wannan lokacin ne yashin ke yin tauri har a tuƙa keke a kansa, don haka mai son haɗa keke da teku a wuri guda, gabas ce tasa, muddin ya duba jadawalin ruwan na ranar. Mai son shiga ruwa ko da yaushe sai arewa, Nungwi da Kendwa, inda janyewar ba ta da yawa. Ko wanne ka zaɓa, zuwa da dawowa zai ci maka awa biyu zuwa uku a mota. Kada ka yarda a sayar maka da gonar ƙamshi da keke da Nungwi duka a yini ɗaya. Rabin ranar a kujerar mota za ka yi ta.

Akwai na kusa. Ƙaramin tsibirin Changuu, inda manyan kunkuru suke, tafiyar kusan rabin awa ce a kwalekwale mai inji daga tsohon gari. Ni da za a tambaye ni, keke zuwa gonaki da safe, sallar azahar a gari, sannan Changuu. Ka tabbata akwai rigar kariya daga nutsewa ga kowa, har yara, kafin ka sa ƙafa a kwalekwalen.

Matanmu ba za su takura ba, domin suturar mutanen garin irin tamu ce. Sai dai doguwar abaya da sarƙar keke ba sa jituwa, gara wando mai faɗi da riga zuwa gwiwa. Daga Maris zuwa Mayu damina ce mai ƙarfi, hanyoyin gona kan caɓe, to a wannan lokacin a bar keke.

Agogonsu yana gaban namu da awa biyu, amma agogon jirgi shi ne abin bi, don wayarka tana iya canza lokaci da kanta. Katin rigakafin shawara ya kasance tare da fasfo. Maganar biza a gama ta da kamfanin jirgin a rubuce tun kafin a biya kuɗin tafiya. In za ka yi canji a Wapa, ka nemi sababbin takardun dala, don tsofaffi sukan sha ƙi a can, sannan da ka sauka ka canza kaɗan zuwa shilin na ruwan sha da kuɗin shiga wurare.