Ina gabas take a wannan hoton? Wata takwas da DJI Mini 2 a Sakkwato

Kawuna ne ya yi mini tambayar da ta nuna mini ban san abin da ke hannuna ba. Na kai masa hotunan gonarsa ta albasa da ke fadama, ta wajen Kwalkwalawa, na miƙa masa waya ina jiran yabo. Ya juya wayar sama, ya juya ta ƙasa, sannan ya ce, "To ɗana, ina gabas take ga wanga hoto? In ban san gabas ba, ƙaƙa za ni sanin wanga fangali nau na ko na maƙwabcina?" Na duba hoton, na rasa ta cewa. Daga sama fadama duk ɗaya ce: kore, layin ruwa, kore. Ba dutse, ba hasumiyar masallaci, kuma da rana tsaka na ɗauka, don haka ko inuwa babu. Na ce, "Kawu, ku ba ni zuwa gobe." Goben ta zama kwana huɗu.

Diron da na ɗauki hotunan da shi, wato ƙaramin jirgi maras matuƙi mai kyamara, DJI Mini 2 ne, na hannu. Na saye shi da batura uku a wajen wani mai ɗaukar hoton biki da ya koma amfani da babban diro, a ƙarshen damina. Samfurin ya fito tun Nuwamban 2020, nauyinsa giram 249, in ka naɗe shi yana shiga aljihun babbar riga. Kyamararsa megapiksel 12 ce, tana ɗaukar bidiyo 4K. Ana sarrafa shi da rimot da waya ta manhajar DJI Fly, kuma mai Android a shafin kamfanin zai sauke ta, kada ya ɓata lokaci a Play Store.

Na fara neman amsar Kawu inda kowa zai fara. Na sa hoton a kwamfuta, na buɗe bayanansa na Windows, na ga rana da lokaci da lambobin GPS da tsawo. Inda jirgin ya tsaya yana nan. Inda ya fuskanta babu. Ashe jirgin yana rubutawa, sai dai a wani sashe na daban da ake kira XMP, wanda Windows ba ta nunawa. Hanya mafi arha ta ganinsa har dariya ta ba ni: ka buɗe hoton JPG ɗin da Notepad, kamar takarda. Za ka ga tarkacen rubutu kamar kaji sun yi tono, kada ka damu, ka nemi kalmar Yaw. Nan za ka ga FlightYawDegree da GimbalYawDegree, kowanne da lamba a gabansa. Na farko inda hancin jirgin ya duba, na biyu na mariƙin kyamara ne. A wannan ƙaramin jirgin ba ka juya kyamara hagu ko dama ita kaɗai, sai dai ka juya jirgin gaba ɗaya, don haka FlightYawDegree nake bi.

Lambar tana tafiya daga -180 zuwa +180. Sifili arewa, +90 gabas, -90 yamma, 180 kuwa kudu ko da wace alama ta zo. In ka fi sabawa da lissafin kamfas na 0 zuwa 360, duk lambar da ta zo da alamar ragi ka ƙara mata 360: -135 ta zama 225, kudu maso yamma ke nan. Hoton Kawu ya nuna -172, wato jirgin kudu yake kallo, ya ɗan karkata yamma. Wanda ya fuskanci kudu kuwa gabas tana hagunsa. Abin da ya ci mini kwana huɗu ke nan.

Abu biyu na gane daga baya. Lambar ta tsakiyar hoton ce kawai, domin idon kyamarar yana da faɗi, abin da ke gefen hoto ya kauce da fiye da digiri 30. Sannan in ka sunkuyar da kyamara tana kallon ƙasa sak, lambar tana gaya maka inda saman hoton ya nufa. Tun da na fahimci haka, in zan ɗauki gona daga sama sai na juya jirgin har kibiyar da ke taswirar waya ta kalli arewa, hoton ya fito kamar taswira, gabas a dama.

Notepad ta hoto ɗaya ce ko biyu. Ranar da na dawo da hotuna sun fi ɗari, sai na koma ExifTool, manhajar kyauta da wani mutumin Kanada, Phil Harvey, ya fara fitarwa a 2003. Ba ta da kwalliya ko kaɗan, baƙin allo ne da rubutu. Ka jawo hoto ka ɗora a kanta, ta zazzage maka duk abin da ke cikinsa. In kuma ka rubuta exiftool -csv -FlightYawDegree -GPSLatitude -GPSLongitude -RelativeAltitude da sunan jakar hotunan, ta jera maka su duka a tsarin da Excel ke buɗewa. RelativeAltitude ɗin nan tsawon jirgin ne daga inda ya tashi. In ka tashi daga kan tudu ka gangara fadama, nisansa da ƙasa ya fi abin da aka rubuta.

Da na koma wa Kawu da amsa sai wata ta taso. Gabas ɗin da yake nufi ita ce inda yake duba ya yi salla. Alƙiblar Sakkwato kuwa tana wajen digiri 71 daga arewa, ta karkata arewa da gabas ɗin kamfas da kusan digiri 19. Na yi ta bayani, ya saurare ni har na gama, ya ce, "Ni gabas guda na sani." Ban ja ba. Amma maganarsa ta ba ni gwajin da nake yi har yau: na ajiye jirgin a fili, nesa da ƙarfe, hancinsa na kallon alƙibla, na ɗauki hoto tun yana ƙasa. In lambar ta faɗo kusa da 70, kamfas ɗinsa lafiya lau.

Gwajin ya zama dole ne saboda wautar da na taɓa yi. Wata rana yashi ya ishe ni, na ɗora jirgin a kan kwalbati na tashe shi daga nan, na manta cike take da rodi. Manhajar ta yi mini gargaɗin kamfas, na share. Yana hawa ya fara zagaye kamar akuya a turke, da ƙyar na sauko da shi, kuma hotunan ranar duk lambobinsu sun karkace. Laifina ne tsantsa. Kamfas ɗin jirgin da maganaɗisun ƙasa yake aiki, don haka rodi, rufin mota, injin ban-ruwa da manyan wayoyin lantarki duk suna ruɗa shi, kuma abin da ruɗaɗɗen kamfas ya faɗa shi za a rubuta a hoto. In ya nemi a saita shi, ka fita fili, ka cire makullai daga aljihu, ka juya shi zagaye ɗaya a kwance, ɗaya a tsaye, yadda allon ya nuna.

Wani abin da ya kusa sa ni kuka shi ne WhatsApp. In ka tura hoto a matsayin hoto, yana matse shi ya goge bayanan nan kaf. Facebook ma wanda ya sauke hotonka ba zai same su ba. Sai ka tura shi a matsayin fayil, ko ka kwafa kai tsaye daga katin da ke cikin jirgin. Amma fayil ɗin yana tafiya da lambobin GPS. In a ƙofar gidanku ka ɗauki hoton, ka ba mutum adireshin gidanku ke nan ba tare da ya tambaya ba.

Tuƙin kansa bai ba ni wahala ba. Sandar hagu hawa da sauka da juyawa, ta dama gaba da baya da gefe, in ka saki duka ya tsaya cak a iska. Inda sabon shiga ke rikicewa shi ne lokacin da jirgin ya juyo yana kallonsa, hagu ta koma dama. Na kashe batura kusan goma a wani filin ƙwallo da sassafe ina zana murabba'i kafin hannuna ya daina rawa. Ka sani kuma ba shi da na'urar hango cikas a gaba ko baya ko gefe, ta ƙasa kawai gare shi. In ka nufi giginya, zai shiga giginya. Saboda haka kafin tashi ina jiran manhajar ta ce ta riƙe wurin tashi, sannan na sa tsawon komowa gida ya wuce duk wata bishiya da ƙarfen sabis da ke wurin, domin in sadarwa ta yanke, wannan tsawon zai hau ya miƙe zuwa inda ya tashi.

Sakkwato ce ta fi jirgin ba ni darasi. A takarda yana jure iskar da ta kai mita 10.5 a daƙiƙa, kuma ya yi minti 31 a sama. Ni a fadama abin da nake samu bai cika wuce minti 23 ba kafin na sauko da shi da ɗan saura. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, kuma wadda ke sama ta fi wadda ke kaɗa maka riga ƙarfi. Ranar da na bi ta na tafi kudu maso yamma, tafiyar ta yi daɗi, dawowar kuwa jirgin kamar an riƙe masa ƙafa, batir na zuba ina salati. Na sauko da shi ƙasa-ƙasa, na sa shi a S, wato yanayin gudu mafi sauri, ya iso da kaso 9 na batir. Yanzu iska nake fara tunkara, in dawo tana tura ni. Hazo kuma yana wanke hoto ya koma fari fat, ba abin da kyamara za ta yi maka, sai ka jira ranar da gari ya washe. Yashi na shiga injinan da mariƙin kyamara, shi ya sa nake yawo da faffaɗan katako na tashi da sauka.

Bazara ta fi muni. Iyakar zafin da aka rubuta masa digiri 40 ne, a Afrilu kuwa garin nan yana wuce haka ba tare da neman izinin kowa ba. Wayar ma kan riga jirgin gajiya, allonta ya dushe har ka kasa ganin komai. Daga fitowar rana zuwa ƙarfe tara nake aiki, ko bayan la'asar sakaliya, kuma ba na barin batir a mota. Ga shirwa. Sau biyu tana kawo masa bara. In ta matso, hawa sama nake yi da sauri in kauce, in ta dage na haƙura na sauka.

Akwai kuma mutane, kuma nan ne na fi taka-tsantsan. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta sanar cewa ba a tashin jirgi maras matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Giram 249 ɗin nan an auna shi ne da dokar ƙasashe irin Amurka, inda mai wasa da wanda bai kai giram 250 ba ba ya rajista, kada ka ɗauka wannan ya wanke ka a nan. Filin jirgin Sultan Abubakar III, barikin Giginya, gidan gwamnati da fadar Sarkin Musulmi ba wuraren gwaji ba ne. Da halin tsaron da gabashin jihar ke ciki, wanda ya ga abu na shawagi a kan ƙauyensu yana da hujjar tsorata, don haka mai gari nake fara gaisarwa in nuna masa allon. Cikin unguwa kuwa na daina tashi gaba ɗaya. Katangar gidan Bahaushe an gina ta ne don kada a ga tsakar gida, wannan abin kuma daga mita 30 yana ganin har tukunyar da ke kan murhu. Biki biyu na ƙi saboda haka.

Ga mai son hoton gona, fili ko gini, kuma yana da haƙurin karanta lambobi, zan ce ya saya, ya duba batura da kyau in na hannu ne, kumburarre kada ya karɓa. Mai son bin amarya cikin lungu ya nemi wanda ke hango cikas, ko ya bar wa masu kyamarar hannu.

Bayan an cire albasa na buga wa Kawu hoton gonar a babbar takarda, arewa a sama, na zana kibiya da biro a kan digiri 71. Ya sa yatsa ya bi layin ruwa har inda yake taruwa a kusurwar yamma, ya ce nan ne albasa ta ruɓe bana, kuma nan za a fara cikowa da ƙasa kafin a dasa ta baɗi. Ya naɗe takardar ya sa a aljihu, ya tambaye ni ko jirgin na iya korar tsuntsaye daga shinkafa.